Yadda Na Zauna Jiran Zakara Ya Ba Ni Izinin Hawa Keke

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ya halicci ƙashi ya lulluɓe shi da nama, ya ba kowace gaɓa mazauninta, kuma idan ta goce babu mai mayar da ita sai da yardarsa. Tsira da amincinsa su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta (kuma Allah shaida ne na so), da wani hantsin Laraba a garkar gidana a Potiskum. Na daɗe ina ɓoye labarin, amma yanzu da furfura ta gama cinye gemun, na ga ɓoyonsa ba ya ƙara mini daraja, faɗinsa kuwa wataƙila ya amfani wani.

Iyayena Kanawa ne, fatauci ya kawo su garin nan, a nan aka haife ni, a nan na durƙusa gaban malamai har aka ce in zauna in karantar. A cikin shekarun casa'in ina da 'yar rumfar yadi a kasuwa, da zaure inda nake biya wa mutane fiƙihu bayan asuba. Amma karatun da ya fi kwanta mini a rai shi ne na ranar Alhamis, a wani ƙaramin ƙauye da ke maƙale cikin duwatsu ta wajen hanyar Fika. Ɗalibaina a can tsofaffi ne su goma sha ɗaya, manoma, waɗanda ba su sami karatu da ƙuruciya ba, suka ce ba za su mutu a haka ba. Babbansu shi ne Baba Maina, ya doshi tamanin, haƙori huɗu suka rage masa, amma ya ɗaura aniyar sai ya haddace izu guda cif da bakinsa kafin a kira shi. Akwai kuma Baba Disa, mai ɗorin ƙauyen, wanda ake kawo masa masu karaya daga nesa. Hausarsa tana da nauyin harshen iyayensa, ba ya kuma yawan magana.

Mota ba ta shiga ƙauyen. Ga shi lokacin ana fama da wahalar man fetur, mai babur ma sai ya ga dama. Saboda haka nakan ɗora keke a saman motar haya har wata mararraba, in sauka in hau, in bi hanyar ƙafa mai tudu da gangare, tsakuwa da marmara. Tsohon kekena baƙi ya sha wuya a hanyar nan, ni ma na sha. Sai wani ɗan ƙanena mai fataucin kayan gwanjo daga Kwatano ya kawo mini wani keke mai giya, mai kaurin taya, wanda ya ce don hawa dutse aka ƙera shi. Da fari na ƙi, na ce wannan abin samari ne. Da na ɗana, na ga tudun da nake sauka in tura yanzu ina hawansa ina zaune, sai na nemo wa kaina hujja cewa duk abin da ya sauƙaƙa isar da ilimi, shi ma alheri ne. (Mai karatu zai lura, a duk tsawon labarin nan, ban taɓa rasa hujja ba.) Na koyi naɗe babbar riga in cusa ta a ƙugu, in ɗaure littattafai a baya, in gangaro iska na kaɗa jelar rawani, ina jin wani daɗi a zuciya wanda ban faɗa wa kowa ba.

To, akwai wata al'ada ta masu ɗori a ƙasar nan. Idan aka kawo mai karaya, sai a kamo kaza ko zakara, a karya masa gaɓar da ta yi daidai da ta majinyacin, a ɗora su tare. Ana cewa ranar da kazar ta warke, ranar mutumin ya warke. Wata Alhamis, muna cikin babin abin da ya halatta na magani, sai na ɗauko maganar nan na yi mata kaca-kaca. Na ce ɗori ilimi ne kuma baiwa ce, amma rataya lafiyar ɗan Adam a jikin kaza camfi ne, karya dabba kuma ba da haƙƙi ba zalunci ne da za a tambayi mutum a kansa. Na yi maganar da zafi, ina buga littafi a cinya, Baba Disa yana zaune a gabana ya sunkuyar da kai. Na koma gida ina ganin na yi jihadi.

Alhamis biyu bayan wannan, na zo gangaren ƙarshe, wanda ke sauka har gindin tsamiyar da muke karatu. An yi ruwa, ya zaizaye hanyar ya bar tsakuwa a sake. Keken ya fara gudun da ban umarce shi ba. Tsohon kekena, in kana so ya tsaya, sai ka damƙe birki biyu da dukan ƙarfinka, ka haɗa da addu'a. Hannuna ya yi abin da ya saba. Wannan kuwa birkinsa na gaba ba ya jiran addu'a. Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na wuce ta saman kansa, na sauka a kan kafaɗar dama, a gaban ɗalibaina goma sha ɗaya.

Kafaɗa ta goce, ƙashin da ya haɗa ta da wuya kuma ya tsage. Aka ɗauke ni ranga-ranga sai ɗakin Baba Disa. Ya shafa, ya lalluba, ya kawo karare da tsumma da man kaɗe. Sa'an nan ya dubi ƙofa ya ce a kamo masa jan zakaran nan.

Na ce, cikin nishi, "Baba Disa, ba mun yi magana ba?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, mun yi. Amma ni haka na gada. In babu zakara a ɗakin, hannuna ba ya tafiya daidai."

Mai karatu, ina so in ce maka na miƙe na fita. Gaskiyar magana ita ce zafin ya kai inda na tuna cewa larura tana da nata hukuncin, na kuma tuna da shi da sauri ƙwarai. Na juya fuska ga bango na ce, "Ku yi abin da za ku yi, ni ban gani ba." Na ji zakara ya yi ƙara a bayana. Daga nan aka danne ni, Baba Disa ya ja hannun, ni ma na yi tawa ƙarar, wadda ta fi ta zakaran.

Aka rataye mini hannu a wuya da rawanina. Baba Disa ya miƙo zakaran, fiffikensa na dama a ɗaure da kara da tsumma irin nawa, ya ce, "Ka tafi da shi. Bayan kwana arba'in a kwance muku ɗaurin ku duka. Ranar da ya buɗe fiffike ya hau katanga, ranar ka hau kekenka." Na karɓa don kada in kunyata dattijo a gidansa. Haka muka shigo Potiskum a motar haya, ni da zakara, kowa da ɗaurinsa, fasinjoji suna yi mana sannu mu biyu.

Da isa gida na shaida wa maiɗakina Hajiya cewa wannan zakara ba shi da wata alaƙa da ni, a sake shi a garka tare da sauran kaji. Ta ce to.

Kwana uku ban dube shi ba. A na huɗu, na fita garka shan iska, sai na ga sauran kaji suna tsattsagarsa a wajen tsaba. Na ce wannan zalunci ne, tausayin dabba kuma wajibi ne, na ware masa kwano. Bayan mako guda na lura dusa ba ta karɓe shi ba, na koma ba shi gero. Daga gero aka kai ga gyaɗa ɓararriya, ina ba shi da hannun hagu. Wata rana da safe na tarar ya yi lamo, ya saki fiffike, sai na ji kafaɗata ta ɗauki zogi nan take. Na yi istigfari, na ce wannan waswasi ne. Sa'an nan na koma na duba shi sau uku kafin azahar.

Hajiya tana kallona ta ƙofar madafa, ta ce, "Malam, wai zakaran nan ɗalibinka ne ko malaminka?"

Na ce, "Amana ce aka ba ni."

Ta ce, "Ai na gani. Ni da na shekara talatin a gidan nan ba a taɓa ɓare mini gyaɗa ba."

Kafaɗa kuwa, cikin ikon Allah, ta yi ta sauƙi. Da fari ko hula ba na iya sa wa kaina, kabbarar sallah da hannu ɗaya nake yi, sujada kuwa sai da dabara. Sannu a hankali na fara kai loma baki da dama. Da aka kwance ɗaurin ranar arba'in, hannun ya ƙanƙance ya sandare kamar ba nawa ba. Kullum bayan asuba sai in tsaya gaban bangon zaure in riƙa tafiyar da yatsu sama kamar gizo-gizo, ina yin alama da gawayi inda na kai. Yau a daidai kafaɗa, jibi a daidai kunne. Ranar da na ɗaga hannaye biyu na yi kabbara cikakkiya, sai da hawaye ya zubo mini. Kafin kwana sittin ina iya sauko da bandir ɗin yadi daga saman kanta.

Na warke ke nan. Amma zakara bai hau katanga ba.

An kwance masa nasa ɗaurin rana ɗaya da ni. Fiffiken ya zauna daidai, ba ka ce wani abu ya taɓa samunsa ba. Sai dai ya yi ƙiba har tafiya yake yi kamar attajirin da ya fito daga walima. Katangar garkar ba ta kai ƙirjina ba, kajin gidan har da 'yan shila suna hawanta, shi kuwa ko kallonta ba ya yi. Keke yana jingine a zaure, an gyara shi, an sa masa mai. Duk Alhamis sai in dube shi, in leƙa garka, in aika wa mutanen ƙauye saƙo ta bakin direban motar cewa hannu bai gama ɗaguwa ba tukuna. Na lallashi kaina cewa wannan ba ƙarya ba ce, tunda akwai wani ɗan taƙi da ya rage tsakanin yatsana da inda hannun hagu yake kaiwa a bango. Direban ya dawo mini da labari cewa masu zuwa gindin tsamiya suna jira sun ragu, daga goma sha ɗaya sun koma huɗu, kuma Baba Maina ya yi kwanaki a kwance, ya tashi, yana tambaya ko Malam ya ce yaushe. Na ji nauyin maganar. Na ƙara wa zakara gyaɗa, don ya yi ƙarfi da wuri.

Ranar Larabar da nake faɗa, kwana saba'in da faɗuwata, haƙurina ya ƙare. Na dawo daga zaure da hantsi, na tabbata Hajiya tana cikin ɗaki, na shiga garka na ja ƙyaure. Na ɗauki zakaran na ɗora shi a kan turmi kusa da katanga. Ya dube ni, ya sauko. Na watsa gyaɗa a kan katangar. Ya tsaya a ƙasa yana jira iska ta zubo masa da ita. Na ɗaga shi na ɗan cilla sama, ya faɗo tim kamar buhu, ya yi mini wani kallo na raini.

Daga nan ne hankali ya yi sallama da ni. Na ce a raina wataƙila ya manta yadda ake yi ne. Na tsaya a gabansa, ni da rawanina da babbar rigata, na buɗe hannaye biyu, na ɗaga su har sama da kai, na sauke, na ɗaga, na sauke, hannayen riga suna kaɗawa fafar-fafar. Ina yi ina ɗan tsalle, ina ce masa, "Haka ake yi, ya kai wannan malalaci! Tashi! Ka tsare bayin Allah daga karatu! Dube ni nan, haka, haka!"

Ban san sau nawa na yi ba. Na dai juyo a tsakiyar wani tsalle, hannayena a sama, sai na ga huluna biyu a bisa katangar, ƙarƙashinsu fuskoki biyu. Baba Maina da Baba Disa. Sun shigo cin kasuwar Laraba, suka ce bari su duba Malam da jiki. Sun yi sallama a zaure, Hajiya ta amsa daga ciki ta ce ina garka, su zagaya ta lungu. (Har yau tana cewa ba ta san abin da nake yi ba. Ban ƙaryata ta ba, ban kuma gaskata ta ba.)

Na tsaya a haka, hannu a sama. Na so ƙasa ta tsage. Na fara tunanin ko in ce motsa jiki nake yi, amma maganar da na yi wa zakaran ta riga ta toshe wannan ƙofa.

Baba Maina ne ya fara magana. Ya ce, "Salamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ashe hannu ya ɗagu."

Na sauke hannayen a hankali na ce, "Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi, ana samun sauƙi."

Ya ce, "Mun gani. Saura zakara."

Baba Disa ya kama bakinsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Na buɗe musu ƙyaure suka shigo, na shimfiɗa tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ni ina ƙara tsawaita ta don kada a zo ga magana. Na tambayi gida, na tambayi gona, na tambayi ruwa, har na tambayi jakin maƙwabcinsu. Da tambayoyi suka ƙare, Baba Disa ya miƙa hannu ya kamo zakaran, ya jinjina nauyinsa, ya ce, "Kai! Malam, wannan ko gaggafa ce aka yi wa kiwon nan ba za ta tashi ba." Ya buɗe fiffiken ya nuna mini. "Duba nan. Ka ga wurin karaya?"

Na duba, na ce ban gani ba, ɗorin ya yi kyau.

Ya ce, "Babu ɗori. Ban karya shi ba. Tun ranar da ka ce za a tambaye ni a kan kajin nan, ban sake karya ko ɗaya ba. Ɗaurewa kawai na yi, shi ya sa ya yi kuka."

Na ce, "To don me ka haɗo ni da shi?"

Ya ce, "Mutane ba sa zama, Malam. Ka ce wa mutum ya huta kwana arba'in, kwana goma ya ɗauki fartanya, ƙashi ya sake buɗewa, a ce Disa bai iya ba. In ka ba shi zakara ya riƙa kallo, sai ya zauna. Kai kuma na ga yadda kake gangarowa a keken nan kamar an biyo ka. Na ce in ban ɗaure ka da wani abu ba, mako biyu za ka hau. Amma ni arba'in na ce. Ban san za ka ƙara talatin daga aljihunka ba."

Na gyara zama, na yi gyaran murya, na ce ko wannan ɗin ma akwai abin dubawa a cikinsa ta fuskar shari'a, domin yana ƙarfafa wa jahili camfi.

Ya ce, "Gaskiya ne, Allah gafarta Malam. Jahili kam yana ƙarfafa masa."

Na gane jahilin da yake nufi, ban nemi ƙarin bayani ba.

Sai Baba Maina ya matso, ya dafa gwiwata. Ba dariya a fuskarsa. Ya ce, "Malam, sura shida suka rage mini. Wancan watan na kwanta, na ɗauka tafiyar ce. Zakara yana da lokaci. Ni ba ni da shi."

Wannan magana ta fi faɗuwar zafi. A nan ne na faɗa musu abin da ban faɗa wa kaina ba. Na ce, "Baba, ba zakara ba ne. Gangaren nan nake tsoro. Ko a zaune nake, in na tuna tsakuwar nan sai in ga kaina a ƙasa." Da ma zakaran labule ne na samu na ɓuya a bayansa, ina ciyar da shi don kada labulen ya yaye.

Baba Maina ya ce, "To ai sai ka sauka ka tura. Mu da ƙafa muke hawansa shekara tamanin, ba wanda ya ce mun yi abin kunya."

Baba Disa ya tafi da zakaran a hammata, domin a al'adarsu na mai ɗori ne.

Washegari Alhamis na ɗora keke a saman mota. A mararraba na yi bisimilla na hau. Tudun farko na ji kafaɗar ta ɗan ja, na jira zafi, bai zo ba. Na sauya giya, na hau na biyu. Dawa ta yi kai a gonaki, iska tana kaɗa ta, sai na ji daɗin nan na dā yana dawowa kaɗan-kaɗan, kamar baƙon da ya yi fushi aka ba shi haƙuri. Da na iso bakin gangaren ƙarshe na hango su a gindin tsamiya, ba huɗu ba, su tara, duk sun ɗaga kai suna kallona. Shaiɗan ya raɗa mini cewa malami ba ya sauka a gaban ɗalibai. Na nemi tsari daga gare shi, na sauka, na riƙo keken muka gangaro da ƙafa, taki ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi dariya. Baba Disa ya karɓi keken ya jingine, ya matsa kafaɗar da babban yatsa, ya gyaɗa kai. Baba Maina ya riga ya ɗauko allonsa.

Alhamis ta biyu ma na tura. A ta uku na gangaro a kai, yatsu biyu a birkin baya, na gaba kuwa ina lallaɓa shi kamar mai taɓa wuta, har na tsaya daidai gefen tabarma. Baba Maina ya cika izunsa kafin a gama girbi, ya biya mini shi tun daga farko har ƙarshe da haƙoransa huɗu, ya kuma rayu damina biyu yana sallah da shi. Allah ya jiƙansa.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, kunnen da ya fi kusa da bakin mai wa'azi shi ne ya fi jinkirin ji. Na yi magana sau ɗaya, mutumin da bai gama haɗa baƙi ba ya bar gadon kakanninsa, ni mai maganar na kwana saba'in ina ɓare gyaɗa. Ban daina hana abin da ya kamata a hana ba, amma tun daga ranar na rage buga littafi a cinya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ɗora duk abin da ya karye a jikinmu da zukatanmu. Ya sa mu fara jin nasiharmu kafin mu jiyar da wasu. Kai kuma mai karatu, Allah ya kiyaye gaɓoɓinka, ya suturta ka a ranar da ka yi irin tawa, ya sanya albarka a gidanka da iyalinka da zuriyarka. Amin.